Kafin Burek Ya Huce

"Awa ɗaya da 'yan mintoci, Mama. Ki duba da idonki. Daga Sarajevo zuwa Vienna a jirgin sama, awa ɗaya da 'yan mintoci!"

Belma ta miƙa wayar har tana neman taɓa hancin mahaifiyarta. Mirsada ko ɗaga kai ba ta yi ba. Kwaɓin fulawa take murzawa a kan teburin kicin da siririyar sandarta, tana jan sa gefe-gefe har ya yi shara-shara, ana hango furannin ledar teburin ta cikinsa.

"Ɗauke mini abin nan daga fuska kafin ya faɗa mini cikin kwaɓi."

"Bihać ɗin da kuke so a kai ni fa? Awa biyar a mota, hanya duk duwatsu. Wanne ya fi kusa, don girman Allah?"

"Bihać a ƙasarmu take."

"Ni ba ƙasa na tambaye ki ba, Mama, nisa na tambaye ki!"

Tun farkon kaka ake wannan musun a gidan, kuma kullum a nan yake cijewa. Laifin Elvedin, wanda Belma ke so kamar ranta, ɗaya ne tak: a Vienna yake zaune. Iyayensa sun fita da shi yana goye lokacin yaƙi, can ya girma, can yake sana'ar gyaran lif a dogayen benaye. Ba ya sha, ba ya caca, in ya zo gaisuwa har takalmansa yake jerawa tsaf a bakin ƙofa. Duk wannan bai burge Mirsada ba. Cewa ta yi wanda abincinsa ke nan rataye mutane tsakanin sama da ƙasa, ba mamaki in ya ɗauka jirgin sama ma hanya ce.

Shi kuwa Fikret, ɗan takarar Gwaggo Senada ne, ƙanwar marigayi mahaifin Belma. Yana da masaukin baƙi a bakin kogi a Bihać, da ƙatuwar mota, da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Gani biyu ya yi wa Belma ya fara kiranta "amaryata". Gwaggon kuwa ta tare musu a gida kamar ta ci gado, kullum tana kujerar bakin taga da ɗan kofin gahawa, aikinta rura wuta.

"Ke yarinya ce," in ji Gwaggo Senada bayan ta kurɓi gahawarta. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Gwaggo, ni jirgi na ce zan hau, ba rimi ba."

"Kin ji ta ko, Mirsada? Tun ba a je ko'ina ba bakinta ya zama na mutanen waje."

Mirsada ta zuba niƙaƙƙen nama da albasa a kan kwaɓin, ta naɗe shi dogo, ta murɗa shi cikin tire kamar gammo, ya zama burek mai jiran gashi. Sai da ta gama tukuna ta yi magana.

"A gidanmu ba a aurar da 'ya inda burek zai huce kafin ya isa gare ta. Haka kakata ta yi, haka uwata ta yi. Duk Juma'a tire yana fitowa daga gidanmu a naɗe cikin tawul, ya same ni a ɗakin ubanki yana tururi. Ma'aunina ke nan. Ba ruwana da kilomita ɗari biyar ɗin da wayarki ke faɗa."

Haushi ya turnuƙe Belma, bakinta ya riga hankalinta.

"To a gwada mana! Ki gasa biyu. Fikret ya ɗauki ɗaya a mota, Elvedin ya ɗauki ɗaya a jirgi, mu ga wanda zai isa da zafi!"

A karo na farko a ranar Mirsada ta ɗago ta dube ta sosai.

"Ke kika faɗa?"

"Ni na faɗa."

"In na Vienna ya huce, kin daina kawo mini sunan yaron nan?"

An riga an yi nisa. "Na daina."

"Shi ke nan. Sai dai ni zan sa rana."

Ta sa wata Asabar a tsakiyar Disamba. Belma murna ma ta yi, tana ganin an ba Elvedin lokacin neman tikiti mai sauƙi. Da ta san abin da ke cikin ran tsohuwar nan, da ba ta yi barci mai daɗi ba.

Ranar Asabar ɗin da hantsi tire biyu suka fito daga tanderu ɗaya, launinsu ɗaya, an naɗe kowanne da tawul iri ɗaya. Gwaggo Senada ce za ta bi Fikret a matsayin shaida. A Vienna kuma mahaifiyar Elvedin za ta buɗe nasu a gaban waya, a ga tururi, ta kuma rantse.

Fikret ya karɓi nasa yana washe baki. "Amaryata, ki fara haɗa kaya. Motar nan tawa ba ta san hawan dutse ba."

"Sunana Belma," ta ce, ba ta ko kalle shi ba.

Da motar ta tashi, Mirsada ta watsa kofin ruwa a bayanta, kamar yadda ake yi wa matafiyi don tafiya ta gudana lafiya ya kuma dawo. Elvedin yana tsaye rungume da nasa tiren, yana jiran nasa ruwan. Ta kife kofin ta ce ya ƙare. A gidan da famfo ke zuba!

Ta kuma kafe sai ta bi Belma rakiyar Elvedin filin jirgi, wai ba ta yarda da hannun kowa ba sai ta ga an shige da tiren. Suna gangarowa daga unguwarsu ta kan tudu Belma ta ga abin da ya tsinka mata zuciya. Hazo ya kwanta a kwarin garin, fari fat, ko kan hasumiyar masallaci ba a gani. Duk ɗan Sarajevo ya san ma'anar wannan. Kafin su sami wurin zama a zauren jira, an sanar cewa jirgin Vienna zai yi jinkiri.

"Ba komai," in ji Elvedin. "Yanzu zai yaye."

Bai yaye ba. Aka sake sanarwa, aka kuma sakewa. Elvedin ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓe tiren, ya ɗora shi a cinya ya rungume kamar mai jego, shi kuma yana rawar ɗari duk lokacin da aka buɗe ƙofar waje. Mirsada tana zaune ta harɗe hannu, fuskarta kamar wadda ta zo kallon abin da ta riga ta san ƙarshensa.

Da ta tashi ta je sallar azahar, Belma ta matso kusa da shi da sauri.

"Ka ga shagon can? Suna da injin ɗumama abinci. Ka ba matar shagon wani abu ta ɗan sa mana shi, kafin Mama ta dawo."

"Belma."

"Kada ka ce mini Belma! Aurenmu ne a cikin tawul ɗin nan, yana hucewa kana kallo!"

"In na fara shiga gidanku da ƙarya, da me zan zauna a ciki?"

"Da ni za ka zauna! Wai kai wane irin mutum ne? Ana ga wuta kana ga ƙa'ida?"

"Ki yi haƙuri. Ba zan iya kallon idonta ba in na yi."

Belma ta koma kujerarta ta juya masa baya, hawayen takaici na zubo mata. A gida taurin kai, a waje taurin kai. Ta rasa wane zunubi ta yi da Allah ya haɗa ta da mutum biyu masu kan dutse, kuma duka biyun tana son su.

Rana ta karkata lokacin da wayar Mirsada ta yi ƙara. Gwaggo Senada ce, fuskarta ta cika allon wayar, tana ihu kamar ba ta san ana ji ba sai an yi ihu.

"Mun iso! Mirsada, mun iso Bihać! Fikret, buɗe mata ta gani!"

Aka yaye tawul. Tururi ya tashi har ya rufe fuskar Fikret mai murmushi. Belma ta sa hannu ta toshe bakinta.

Mirsada ta ciro tabaranta daga jaka ta saka a tsanake.

"Senada, matso da wayar. Juya mini tiren. Ɗaga gefen can in ga ƙasansa."

"Me za ki gani kuma? Ga tururi nan kamar bakin buta!"

"Na ce ki ɗaga."

Aka ɗaga. Muryar Mirsada ta fito a sanyaye, irin sanyin da Belma ta fi tsoro tun tana ƙarama.

"Wa ya sake gasa mini burek?"

"Wane irin sake gasawa kuma?"

"Ja-ja na fitar da shi. Wannan ƙasansa ya yi baƙi, samansa ya bushe. Wuta biyu ya sha, kuma ta biyun ba tawa ba ce."

"Haba Mirsada, ai ɗan tsayawa kawai muka yi a hanya, wurin abokinsa mai gidan burodi, mu sha gahawa. Shi abokin ne ya ce kada tiren ya zauna a mota shi kaɗai..."

"Gwaggo!" aka ji Fikret ya daka mata tsawa daga gefe.

"Ramin ƙarya ƙurarre ne," in ji Mirsada. "Ka ci burek ɗinka, Fikret, na ba ka sadaka. Ke kuma Senada, ki zauna can ki huta, iskar kogi za ta yi miki amfani." Ta kashe wayar.

Belma ta yi tsalle ta rungume ta. "Kin gani ko, Mama? Kin ga mutumin da kuke so ku ba ni!"

"Sake ni. Faɗuwar wancan ba cin wannan ba ne." Ta juya ga Elvedin. "Kai kuma, buɗe naka."

Elvedin ya janye rigarsa, ya warware tawul ɗin a hankali. Ba tururi, ba ɗumi. Man ya daskare fari a gefen tiren. Ya ɗora bayan hannunsa a kai, ya dubi Mirsada.

"Ya huce, Mama. Tun ɗazu ya huce."

"Bai ma bar Sarajevo ba."

"Bai bari ba."

Belma ta fashe da kuka sosai, ba ta damu da matafiyan da ke kallonsu ba.

"Wannan ba adalci ba ne, Mama! Ba nisa ne ya hana ba, hazo ne! Kowa ya san yadda Disamba take a garin nan, ko yaro..." Ta zuba wa mahaifiyarta ido. "Kin sani. Da gangan kika sa wannan ranar."

"Da gangan."

"Mama! Ashe tun farko kin shirya ya faɗi? Me na yi miki? Me ya yi miki? Mutumin nan tun safe yake rawar ɗari saboda tirenki!"

"Zauna."

"Ba zan zauna ba!"

"Na ce ki zauna, Belma."

Ta zauna. Mirsada ta cire tabaran, tana juya shi a hannu, idonta yana kan gilashin tagar da ba a ganin komai ta cikinsa.

"Kin tuna ranar da ubanki ya rasu?"

"Me ya kawo maganar Baba kuma?"

"Na kira yayanki Kenan a Sweden. Me ya ce mini? 'Mama, kada ki damu, awa nawa ne a jirgi? Kafin ki juya na iso.' Irin maganarki sak. Shi ma wayarsa ya duba. A wannan kujerar na zauna, ko ta kusa da ita, ina jiran ɗana, gawar mijina tana jira a masallaci. Hazo irin na yau. Aka juya jirginsu wani gari. Da hannun maƙwabta aka sa ubanki a kabari, yana da ɗa namiji a duniya."

Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba.

"Kenan ya iso washegari, ya durƙusa a kan ƙasa yana kuka. Har yau bai yafe wa kansa ba, shi ya sa ba ya son zuwa. Na rasa miji, na rasa ɗa a mako ɗaya. Ke kaɗai kika rage mini. Sai ki zo kina nuna mini awa ɗaya da 'yan mintoci? Wannan lissafin ranar da sama take garau ne. Mutuwa tana duba sama kafin ta zo?"

"Mama, don Allah ki daina..."

"Ba burek nake aunawa ba, 'yar nan. Kaina nake aunawa. So nake ranar da aka kira ki, ki iso ki taɓa ni jikina bai huce ba."

Belma ta kifa kai a cinyar mahaifiyarta tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Duk haushin da ta tara tun kaka ya rasa inda zai tsaya. Ga shi dai har yanzu tana jin tsohuwar ta yi mata wayo, amma da wane baki za ta faɗa?

Elvedin ya durƙusa a gabansu, tiren yana hannunsa.

"Mama, ba zan ce miki zan hana hazo sauka ba. Ba zan ce Vienna bayan gidanku take ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, ranar da jirgi ya ƙi tashi zan sa ta a mota mu kwana muna tafiya. Ko mu iso a kan lokaci ko kada mu iso, wannan na Allah ne. Amma ba zan taɓa ce miki da zafi ba alhali ya huce."

Mirsada ta dube shi ta daɗe. "Kai ba ka yi ƙarya ba," ta ce. "Amma ya huce. Kuma ita ta yi alkawari da bakinta."

Ana cikin haka aka sanar cewa hazo ya yi sauƙi, masu zuwa Vienna su matso. Dole ya tafi, Litinin yana da aiki. Ya mayar da tawul ɗin ya naɗe tiren.

"Ina za ka kai shi kuma?" in ji Mirsada.

"Wurin mahaifiyata aka ce in kai. Zan kai."

Ya dubi Belma, ta kasa ɗago kai. Ya juya ya nufi layi. Ya yi 'yan taku ke nan Mirsada ta buɗe jakarta, ta ciro robar ruwan da take shan magani da shi, ta tsiyaye ta tas a kan tayil ɗin zauren a bayansa. Wata mai shara ta taso tana masifa.

"Baiwar Allah, nan ƙofar gidanki ce?"

"Matafiyi ne," in ji Mirsada. "Ko kare ne zai yi tafiya ai a watsa masa ruwa." Ta harari Belma. "Kada ki sa wa ranki komai."

Ba ta yarda sun bar wurin ba sai da suka ji ƙarar tashin jirgin. Daga nan wahalar gari ta karɓe su. Dusar ƙanƙara ta fara sauka, tasi ta yi wuya, motar hayar da suka samu kuma ta shiga cunkoso ta tsaya cak, tana matsawa kamar mai ciwon ƙafa. A gindin tudun unguwarsu direba ya ce ba zai iya hawa ba, santsi ya yi yawa, sai dai su taka.

Ana kiran magariba suna tsakiyar hawan, Mirsada tana haki tana dafa bango, wayar Belma ta yi ƙara. Ta duba, ta sake dubawa.

"Mama, Elvedin ne."

"Me ya faru? Sun juyo da su, ko?"

"Sun sauka. Yana Vienna."

Mirsada ta tsaya cak. Ta ɗaga kai ta dubi ƙofar gidansu da ke can sama, da sauran hawa a gabansu. Ta waiwaya ta dubi hanyar da suka baro.

"Ƙarya ne."

"Kin dai san ba ya yi."

"Mu ba mu kai gida ba, shi ya kai wata ƙasa?"

"Abin da nake gaya miki ke nan tun kaka!"

Mirsada ta fizge wayar ta kara a kunne. "Kai yaro! Ka gaya wa uwarka kada ta kuskura ta sa mini burek a injin nan na malalata. Ta yayyafa masa ruwa ta sa a tanderu, wuta kaɗan." Ta miƙa wa Belma wayar, ta ci gaba da hawa.

Sai da suka kai ƙofa, tana laluben makulli a jaka, ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Fasfon nan da Kenan ya matsa mini na yi, yana cikin akwatin ɗinki. Ki duba ko bai mutu ba."

Belma ta matso kusa da ita. "Mama, ke da kika rantse ba za ki taɓa hawa jirgi ba?"

"Ban ce na yarda ba, kada ki fara yi mini rawar kai. Zan sake gasawa. Wannan karon ni zan riƙe tiren a cinyata, da hannuna zan taɓa shi a can, ba na son shaidar kowa."

Belma ta buɗe hannu za ta rungume ta. Mirsada ta tare ta da makullin.

"Kuma tunda wayarki ta san komai, ki duba mini ranar da hazo zai fi kauri."